Gasar gashin nama a Amurka: abin da ya raba Memfis, Karolina da Teksas, da gardamar inda aladu suka fi kyau

A watan Mayun 2024 mutanen birnin Memfis da ke jihar Tenesi a Amurka sun wayi gari da manyan gasannin gashin nama guda biyu a mako ɗaya, tsakaninsu tafiyar 'yan mintoci a mota. Ɗaya ita ce tsohuwar gasar da ƙungiyar Memphis in May ke shiryawa tun 1978, wadda ake yi wa kirari da gasar duniya. Ɗayar kuwa sabuwa ce fil, sunanta SmokeSlam. Ta zo da kyautar dala 250,000, ta kuma kafa rumfunanta a daidai filin da tsohuwar ta shekara da shekaru tana amfani da shi a bakin kogin Misisipi. Dole kowace ƙungiyar masu gashi ta zaɓi inda za ta kai murhunta.

Wanda ke nesa zai iya cewa ai gashin nama bai kai a yi shari'a a kansa ba. Amma ruwa ba ya tsami banza. A kudancin Amurka wannan gashi ya haɗa tarihin bauta, da alfaharin gari, da kasuwancin biliyoyin daloli, har da ƙorafin talakawan da ke maƙwabtaka da gonakin aladu. Mafi yawan naman da ake gardama a kai na alade ne, wanda haramun ne ga Musulmi. Duk da haka sanin yadda lamarin yake zai amfani ɗalibi ko ma'aikacin da ke zaune a can, da ma duk mai son fahimtar yadda sunan gari ke zama hajar sayarwa.

## Abin da suke kira babikyu

Kunnen Bahaushe zai ji kalmar babikyu, sunan wannan gashi, kamar "babbaka", amma babu dangantaka. Asalinta "barbakowa" ce, kalmar mutanen Taino na tsibiran Karebiyan, wadda Sifaniyawa suka ji daga bakinsu a ƙarni na 16. Tana nufin wani ɗan gado na itace da ake ɗagawa sama da wuta.

A bakin ɗan kudancin Amurka, ba kowane gashi ne babikyu ba. Tsire da balangu, yadda mai suya ke yin su a kan garwashi mai ƙarfi cikin ɗan lokaci, su a wurinsu wani abu ne daban. Babikyu shi ne a ɗauki yankan nama mai tauri da jijiya, a ajiye shi nesa da harshen wuta, zafi bai wuce digiri 110 zuwa 120 a ma'aunin Salshiyos ba, hayaƙin itace yana ratsa shi na tsawon awa goma, sha biyu, wani lokaci har sha takwas. A wannan doguwar jira ce jijiya ke narkewa, naman da da wuƙa ke fama da shi ya koma ana tsinka shi da yatsu. Yankan da aka fi amfani da su huɗu ne: kafaɗar alade, haƙarƙarinsa, ƙirjin sa, da kaza. Akwai kuma gashin alade guda sukutum, wanda shi ne mafi tsufa.

Nahiyar Amurka ba ta da alade na gida kafin zuwan Turawa. Kolambus ya kai su Karebiyan a tafiyarsa ta biyu a 1493, Hernando de Soto kuma ya sauka da wasu a Fulorida a 1539. A kudu alade ya zama dabbar talaka, don ana sakin sa cikin daji ya yi kiwon kansa, sai lokacin yanka a kamo shi. Aikin haƙa rami, da sare itace, da kwana ana juya nama a manyan tarukan siyasa da bukukuwa, bayi baƙar fata ne suka yi shi na tsawon ƙarnuka. Bayan 'yanta bayi jikokinsu ne suka kai sana'ar birane.

## Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi

Gardama mafi zafi ba tsakanin jiha da jiha take ba, a cikin jiha ɗaya take, wato Karolina ta Arewa. Mutanen gabashin jihar alade guda suke gasawa. Ana tsaga shi biyu a shimfiɗa a kan ramin bulo. Can gefe ana ƙona itace a cikin duro, mai gashi yana ɗebo garwashi da shebur yana zubawa a ƙarƙashin cinyoyi da kafaɗu, inda nama ya fi kauri, haka zai yi ta yi har gari ya waye. Da safe a sauke, a haɗa farin nama da jan nama da ƙararrar fata a kan katako, a daddatse da manyan wuƙaƙe biyu, a yayyafa ruwan binega, wato ruwan tsami, da gishiri da barkono. Shi ke nan. Gidan gashi na Skylight Inn da ke garin Ayden haka yake yi tun 1947.

A yammacin jihar, musamman garin Lexington, kafaɗa kaɗai suke gasawa, kuma suna ƙara ɗan tumatirin kwalba a cikin ruwan binegar. Wannan ɗan tumatirin shi ne abin faɗa. Mutanen gabas sun ce nasu ne na asali, tun kafin a san tumatirin kwalba. Mutanen Lexington sun ce kafaɗa ta fi kitse da daɗi, babu dalilin haɗa ta da busasshen naman gadon baya. Maganar ta kai har majalisar dokokin jiha, lokacin da aka nemi a ayyana bikin Lexington, wanda aka fara a 1984, a matsayin bikin gashi na jihar baki ɗaya. Wakilan gabas suka ƙi. Sai a 2007 aka sasanta a kan cewa bikin abinci ne na yankinsu kawai.

A Karolina ta Kudu, tsakanin biranen Kolambiya da Charleston, miyar shafawa ruwan ɗorawa ce, ta mastad, kuma ana danganta ta da Jamusawan da suka zauna a yankin. Memfis ta yi suna da haƙarƙari, a can kuma gardamar ita ce a shafa miya ko a barbaɗa busasshen yaji kawai. Birnin Kansas ya gaji sana'ar ne daga Henry Perry, wani baƙar fata ɗan yankin Memfis da ya fara sayar da gasasshen nama a can a farkon ƙarni na 20. Da yake birnin matattarar dabbobi ne da manyan mayanka, babu naman da ba sa gasawa, miyarsu kuma mai kauri ce da zaƙi. Ita ce wadda duniya ta fi sani a kwalba.

Teksas ta fita daban, don ƙasar shanu ce. A tsakiyar jihar mahauta 'yan asalin Jamus da Cek ne suka riƙa banɗare naman da ya kwana da hayaƙi don kada ya lalace, suna sayar wa leburorin auduga a kan takarda. Har yau a garin Lockhart ana ba da ƙirjin sa a kan takardar mahauta, gishiri da masoro kawai aka sa masa. A Owensboro ta jihar Kentaki kuwa naman tsohuwar tunkiya suke gasawa, saboda yankin ya taɓa zama na masu kiwon tumaki don ulu.

Idan aka duba da kyau, kowane salo ya samo asali ne daga abin da ke da araha a wurin: dabbar da ake kiwo, itacen da ke dajin, da baƙin da suka zo da ɗanɗanon ƙasarsu. Alfaharin daga baya ya biyo.

## Yadda alƙalai ke ba da maki

Manyan gasannin da ake ji da su huɗu ne. Akwai ta birnin Hustan a Teksas da aka fara a 1974, ta Memfis a 1978, American Royal ta birnin Kansas a 1980 wadda ke tara ƙungiyoyi ɗaruruwa, sai ta kamfanin Jack Daniel's a garin Lynchburg tun 1989, wadda sai an gayyace ka za ka shiga. Ƙananan gasanni kuwa kusan kowane ƙarshen mako ana yin su a wani gari, kuma yawancinsu suna bin dokokin ƙungiyar masu gashi ta birnin Kansas, KCBS.

A tsarin KCBS ba a dafa nama da gas ko lantarki, sai itace ko gawayi. Ƙungiya za ta iso ranar Juma'a, a duba ɗanyen namanta a tabbatar ba ta riga ta jiƙa shi da komai ba, sannan ta kunna wuta. Ranar Asabar da ƙarfe 12 na rana ake miƙa kaza, 12:30 haƙarƙari, ƙarfe 1 kafaɗar alade, 1:30 ƙirjin sa. Kowanne yana da tazarar minti goma, biyar kafin lokaci biyar bayansa. Wanda ya makara da daƙiƙa ɗaya ya yi asarar aikin dare guda. Shi ya sa za ka ga ƙato yana takawa a hankali tsakanin rumfuna, ya rungume farin akwatin roba da hannu biyu kamar mai ɗauke da jariri, wani yana gabansa yana buɗe masa hanya.

A ciki an jera yanka aƙalla shida a kan koren ganye. Ana sauya lambar akwatin don kada alƙalai su san na wane ne. Alƙalai shida ne a kowane tebur, sun yi kwas, har rantsuwa suke yi kafin su zauna. Kowa zai ba da maki daga 2 zuwa 9 a kan abu uku: kyan gani, ɗanɗano da laushi, ɗanɗano kuma shi ya fi nauyi a lissafi. Ana jefar da makin alƙalin da ya fi rowa, cikakken maki shi ne 180. Laushin ma yana da iyaka. Haƙarƙarin da naman ya zube daga ƙashi an ɗauke shi ya wuce misali. Abin da ake so shi ne haƙori ya ciza ya bar shaidarsa, sauran naman yana maƙale.

Memfis tana da nata tsari. Gwarzon gasa daga naman alade kaɗai yake fitowa: alade guda, kafaɗa ko haƙarƙari. Bayan akwatin da ake aikawa a ɓoye, alƙalai suna zuwa rumfar kowace ƙungiya da ƙafarsu, a shimfiɗa musu tebur, shugaban ƙungiya ya buɗe murhu ya yi musu bayanin inda ya samo dabbar da irin itacen da ya ƙona. Masu goyon bayan KCBS suna cewa wannan yana ba mai daɗin baki da mai suna dama a kan wanda ba a sani ba. Mutanen Memfis kuma suna cewa ba yadda za a yi a auna gwanintar gasa alade guda daga 'yan yanka shida a cikin akwati. A Teksas yawancin gasanni ba sa yarda da ganyen ado ko kaɗan.

Akwai wani sakamako na wannan tsari da masu gashin da kansu suke faɗa. Alƙali loma ɗaya ko biyu zai ci daga kowane akwati, don haka dole lomar ta buge shi nan take. Sai ake yi wa naman allurar romo da gishiri, a naɗe shi da man shanu da zuma da sukari, a shafe shi da miya har ya riƙa ƙyalli. Abincin da ke cin gasa ba irin wanda mutum zai cinye faranti guda ba ne. Kuma da yake dokokin iri ɗaya ne daga wannan gaɓar teku zuwa waccan, ɗanɗanon da ke cin kofi ya zama kusan ɗaya a ko'ina, mai zaƙi da ɗan yaji. Gasar da aka kafa don nuna bambancin yankuna ita ce kuma ke shafe bambancin. Masu tsoffin gidajen gashi irin na Ayden da Lockhart da yawansu ba su damu da shiga ba.

## Abin da ya raba Memfis gida biyu

Filin da ake rigima a kai shi ne dandalin Tom Lee, wanda aka sa wa sunan wani baƙar fata da ya ceci mutum 32 da ɗan kwalekwalensa lokacin da jirgin ruwa ya kife a kogin Misisipi a 1925. An kashe kimanin dala miliyan 61 wajen sake gina dandalin, aka dasa itatuwa da ciyawa. Bayan bukukuwan Mayun 2023, hukumar da ke kula da wuraren shaƙatawa na bakin kogin ta ce manyan motoci da rumfuna sun yi ɓarnar da ta kai kusan dala miliyan 1.4, ta kuma kai Memphis in May kotu a kan ragowar kuɗin da ba a biya ba.

Hukumar ta ce fili na jama'a ne duk shekara, ba na bikin wata ɗaya ba, kuma wanda ya ɓata shi zai gyara. Masu shirya gasar suka ce sabon fasalin filin bai yi la'akari da bikin da ke kawo wa gari baƙi da kuɗin shiga ba, kuɗin gyaran kuma ya fi ƙarfinsu. Suka kwashe kayansu suka koma Liberty Park a cikin gari. Sabbin masu shiryawa, wato na SmokeSlam, suka karɓi bakin kogin. Ƙungiya ɗaya ta riƙe suna da tarihi, ɗaya ta riƙe fili da kuɗin kyauta.

## To, ina ne aladun suka fi kyau?

A nan ne ake yawan haɗa abubuwa uku da ba ɗaya ba: inda aka fi yawan kiwo, inda aka fi iya gashi, da inda nama ya fi inganci.

Ta fuskar yawa babu gardama. Amurka tana da aladu wajen miliyan 75, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku suna jihar Ayowa, wadda mutanenta ba su wuce miliyan uku da ɗoriya ba. Minesota da Karolina ta Arewa ne ke biye. Dalilin Ayowa a fili yake: ƙasar masara da waken soya ce, abinci kuma shi ne babban kuɗin da makiyayi ke kashewa. Ayowa ba ta da wani salon gashi da aka san ta da shi, Memfis da ta yi suna da haƙarƙari kuwa ba ta cikin yankin kiwo. Haƙarƙarin da ake ci a can yawanci a motar sanyi yake zuwa daga manyan mayanka.

Ko Karolina ta Arewa da ta haɗa kiwo da gashi, dangantakar ba yadda ake zato take ba. Yawancin aladun jihar na manyan kamfanoni ne, manomi kwangilar reno kawai yake yi, kamfani ne ke kawo 'ya'yan da abinci da magani. Ana haifar ɗan alade a Karolina, a yaye shi, a ɗora shi a mota zuwa yankin masara ya yi ƙiba a can. Nau'insu kusan ɗaya ne, abincinsu ɗaya, ana yanka su suna wata shida da nauyin kilo 130 ko kusa da haka. A irin wannan tsari, tambayar jihar da dabbar ta fito ba ta gaya wa mai saye komai game da naman.

Abin da masana kimiyyar nama suka fi dogara da shi abu uku ne. Na farko jinsi. Daga shekarun 1980 masana'antar ta karkata ga aladu marasa kitse, har a 1987 ta ƙaddamar da tallan da ke kwatanta naman da na kaza. Naman ya yi fari, ya kuma riƙa bushewa a wuta. Masu shiga gasa sai suka koma neman jinsin Durok da Bakshaya, masu jan nama da kitse a cikin tsoka, suna sayensu da tsada daga gonaki na musamman. Na biyu abinci. Sa da tunkiya suna tuƙa, cikinsu yana sauya man da suka ci. Alade ba ya tuƙa, don haka irin man da ke cikin abincinsa kusan haka yake zama a kitsensa. Na uku yadda aka bi da dabbar kafin yanka. Wadda aka firgita ko aka wahalar a sa'o'in ƙarshe namanta kan fito fari, mai taushin banza, yana zubar da ruwa.

Wani abin da ke ƙara rikita mai saye a Amurka shi ne naman sa yana da darajoji na hukuma da ake bugawa a jikin leda, na alade kuwa ba a sayar da shi da irin wannan tambari. Sai sunan kamfani, ko na jinsi, ko na gari ya maye gurbinsa.

Tarihin garin Smithfield a jihar Bajiniya ya nuna yadda suna ke rabuwa da asalinsa. Dokar jiha ta 1926 ta ce ba za a kira cinyar alade da sunan garin ba sai dabbar ta ci gyaɗa a yankin noman gyaɗa. A 1966 aka cire sharaɗin gyaɗar. Abin da ya rage shi ne a sarrafa naman a cikin garin. Sunan yana nan, abin da ya ba naman ɗanɗanonsa ya tafi.

## Inda wuri ke da tasiri da gaske

A kudu maso yammacin Sifaniya maganar yanki tana da ƙarfi, domin can wuri da jinsi da abinci a ɗaure suke. Baƙin aladun Iberiko suna yawo a dajin kiwo mai itatuwan da Turawa ke kira "ok" jefi-jefi, a yankunan Estaramadura da Andalus. Daga watan Oktoba zuwa ƙarshen hunturu 'ya'yan itatuwan suna zuba, dabbobin suna tsinta, kitsensu ya cika da irin man da ke cikin zaitun. Dokar 2014 ta raba naman da tambari kala huɗu. Baƙi na tsantsar jinsin ne da ya ci 'ya'yan itace, ja na gauraye da ya ci 'ya'yan itace, kore na wanda ya yi kiwon fili da abincin buhu, fari na wanda aka tsare a gida. Kafin a ba da baƙi ko ja dole dabbar ta kai wata 14, ta kuma ƙara aƙalla kilo 46 a cikin dajin. Amma a sani, Sifaniya ce ta fi kowace ƙasa a Tarayyar Turai yawan aladu, kuma mafi yawansu farare ne a manyan gonakin Aragon da Kataloniya, ba su taɓa ganin dajin ba.

A Japan yankin Kagoshima ya yi suna da baƙin alade, wanda asalinsa Bakshaya ne na Ingila, ana haɗa masa dankalin Hausa a abinci. Hangari tana da Mangalitsa mai gashi kamar tunkiya, wanda ya kusa ƙarewa a farkon shekarun 1990 kafin a farfaɗo da shi. Duk waɗannan an fi yin su don busarwa ko wasu dafe-dafe, ba don kwana a hayaƙi da miya mai zaƙi ba, don haka gwada su da naman gasar Amurka gwada abin da bai yi kama ba ne.

Wannan tsari na kare sunan wuri ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Kilishin Nijar da albasar Galmi sun samu rajista a hukumar OAPI mai kare haƙƙin mallakar fasaha a ƙasashen Afirka, don kada kowa ya ɗora sunan a kan hajarsa. Darajar irin wannan rajista tana ga sharuɗɗan da ke bayanta da kuma mai duba ana bin su.

## Waɗanda ke kwana kusa da gonakin

A 1980 gonakin aladu a Amurka sun haura 600,000. Yanzu wajen 60,000 ne, alhali dabbobin sun ƙaru. A Karolina ta Arewa yawan aladu ya tashi daga ƙasa da miliyan uku a ƙarshen shekarun 1980 zuwa kusan miliyan goma a cikin shekara goma, yawanci a ƙananan hukumomin Duplin da Sampson. Ana tara kashin dabbobin a manyan kududdufai a buɗe, a riƙa fesa ruwan a gonaki a matsayin taki. A 1997 jihar ta dakatar da gina sabbin manyan gonaki, a 2007 ta hana sabbin kududdufan gaba ɗaya, amma tsoffin suna nan. Guguwar Floyd a 1999 da Florence a 2018 sun sa wasu sun tumbatsa cikin koguna.

Maƙwabta kusan 500, yawancinsu baƙar fata da suka gaji filayensu, sun kai wani reshen kamfanin Smithfield Foods kotu saboda wari da ƙudaje da feshin da iska ke kai musu har kan wankin da suka shanya. A 2018 masu taimaka wa alƙali suka ba su gaskiya a shari'o'i da dama. A ɗaya an yanke diyyar dala miliyan 473.5, dokar jiha ta rage ta zuwa miliyan 94. An sasanta a 2020. Kamfanin da ƙungiyoyin manoma sun ce gonakin suna bin lasisin gwamnati, suna ciyar da dubban iyalai a yankin da ba shi da wata masana'anta, kuma shari'o'in sun jefa ƙananan manoman kwangila cikin hatsari. Majalisar jihar ta saurare su, ta tsaurara dokar da ke taƙaita irin wannan ƙara. Shi kansa kamfanin, wanda mayankarsa ta garin Tar Heel ke yanka sama da aladu 30,000 a rana, wani kamfanin ƙasar Sin ne ya saye shi a 2013 a kan dala biliyan 4.7.

Daga wani ɓangaren kuma masu saye sun fara sa baki. A 2018 mutanen Kalifoniya suka kaɗa ƙuri'ar hana sayar da naman aladen da uwarsa ba ta samu fili mai faɗin ƙafa 24 murabba'i ba. Jihar ba ta kiwo sosai, amma babbar kasuwa ce, don haka nauyin ya faɗa kan makiyayan Ayowa da Minesota. Sun kai ƙara har Kotun Ƙoli, suka sha kaye a watan Mayun 2023. Masu goyon baya suna ganin an rage azabtar da dabba, makiyaya kuma suna cewa kuɗin sake gina garke zai kori ƙanana ya bar manya, farashi kuma ya hau kan mai saye.

## Ga wanda ba ya cin alade

Bahaushe Musulmi da ke karatu ko aiki a Hustan, Atlanta ko Memfis, ba wuya abokan aiki su gayyace shi cin babikyu, kuma jin cewa akwai naman sa ko kaza bai wadatar ba. A yawancin gidajen gashi murhu ɗaya ne, kitsen wani yana ɗiga kan wani, wuƙa da katakon yanka ma ɗaya. Tsiran naman sa da ake ɗurawa a hanji sau da yawa hanjin alade ne. Waken da ake haɗawa da shi da dafaffen ganye galibi da guntun alade ake dafa su, wasu miyoyin shafawa kuma akwai giya a ciki. Sannan ga tambayar yadda aka yanka san tun farko.

Dokokin gasa ma sun rufe ƙofa a nan. A tsarin KCBS biyu daga cikin nama huɗu na alade ne, kuma sai ƙungiya ta miƙa duka huɗun za ta iya zama gwarzuwa. A Memfis kuwa duk ukun na alade ne. Wannan ne ya sa Yahudawan Memfis, waɗanda su ma addininsu ya haramta musu shi, suka kafa tasu gasar a harabar wurin ibadarsu tun ƙarshen shekarun 1980, da naman sa da aka yanka bisa ƙa'idarsu, masu shiryawa ne kuma suka riƙa samar da murhu da kayan aiki don kada a gauraya. A biranen Teksas da ke da Musulmi da yawa, kamar Hustan da Dalas, an samu gidajen gashi na halal da ke kwana da ƙirjin sa a hayaƙin itace yadda mahautan Lockhart ke yi, da haƙarƙarin sa da na rago a madadin na alade.